Reshen Da Gimbiya Ta Kawo

'Yar'uwa, in kika ɗauki kwalin ganyen shayi kika ga an rubuta Ceylon, to sunan da Turawa suka sa wa wani tsibiri ne da ke can ƙasan Indiya, wanda yau ake kira Siri Lanka. Larabawan da can suna ce masa Sarandib. A arewacin tsibirin nan, kamar kilomita 200 daga Kolombo, akwai kufan wani birni mai suna Anuradapura. Sunan da nauyi a baki, amma daure ki riƙe shi, domin ya yi fiye da shekara 1,000 yana fadar sarakuna kafin ya koma daji.

Labarin ya soma ne da mace. A ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Sarki Ashoka na Indiya ya aiko ɗansa Mahinda ya kawo addinin Buda tsibirin. Sarkin ƙasar, Tissa, ya karɓa. Sai Anula, matar ƙanen sarki, ta ce ita da mata 500 suna so su bar duniya su shiga sahun masu ibada kamar yadda maza suka yi. Mahinda ya ce a ƙa'idarsu namiji shi kaɗai ba ya shigar da mace wannan hanya, sai dai a aika a kira ƙanwarsa Sangamitta. Haka tsohon littafin tarihinsu, Mahawamsa, ya kawo.

Gimbiya kuwa ta baro gidan ubanta ta shiga jirgin ruwa, ba ta sake komawa ba. Abin da ta riƙo shi ne reshen wata bishiya, dangin durumi da cediya, wadda mabiya addinin suka yi imani a gindinta Buda ya zauna har ya samu wayewarsa. Aka dasa reshen a lambun sarki. To wannan dashe, 'yar'uwa, yana nan da ransa, shekara sama da 2,200 ke nan. A duk itatuwan da ɗan Adam ya dasa kuma aka san tarihinsu, ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi tsufa.

Sarakunan da suka biyo baya sai suka shiga gasar gini. Suna tara bulo su yi wani irin tudu kamar an kife ƙatuwar ƙwarya, ba ƙofa ba ɗaki, a binne kayan tarihin Buda a ciki. Sarki Dutugemunu ya yi nasa wajen shekara 140 kafin Annabi Isa. Wanda Sarki Mahasena ya fara a ƙarshen ƙarni na 3 bayan Annabi Isa, mai suna Jetawana, ya kai tsawon mita 120, ya ci bulo fiye da miliyan 90. A zamanin, dalolin Masar guda biyu ne kawai suka fi shi tsawo. Amma ni a ganina tafkunan da suka haƙa sun fi burgewa, don ƙasar mai ƙarancin ruwa ce, kuma har gobe manoma na ban-ruwan shinkafa da wasunsu.

A 993 rundunar sarakunan Cola daga kudancin Indiya ta ci birnin da yaƙi. Sarauta ta koma Polonnaruwa, jama'a suka watse kaɗan-kaɗan. Ciyawa ta hau manyan gine-ginen nan, itatuwa suka tsiro a kansu, har baƙo ya wuce ya ɗauka tsaunuka ne. Giwaye suka mai da fada wurin kiwo.

Bishiyar gimbiya ce dai ba a taɓa juya wa baya ba. 'Yan tsirarun masu ibada da ƙauyawan kewaye suka zauna da ita, iyaye suna bar wa 'ya'ya. Giwa na son ganyenta, don haka mutane kan ɗauko itace a ka su kawo, a hura wuta da dare a kore su. Har yau suna bikin kawo itacen nan duk shekara, ko da yake tun ƙarni na 18 wani sarki ya kewaye ta da katanga. Uwargida ta san wannan irin aiki: ba wanda ke rubuta sunan mai yinsa, amma ran da aka fasa, ran nan kowa zai gani.

Sai a 1890, lokacin mulkin Ingila, aka soma sare daji ana tono birnin a tsanake, a ƙarƙashin wani Bature Bell. A 1982 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Wahala ba ta ƙare ba. Ranar 14 ga Mayu 1985, ana cikin yaƙin basasa, 'yan tawayen Tamil suka shigo garin suka buɗe wuta a tashar mota da kuma wurin bishiyar, suka kashe mutum 146, cikinsu har da mata masu ibada. Yaƙin bai tsaya ba sai 2009.

Yanzu baƙi daga ko'ina suna zuwa, wasu su yi hayar keke don kufan na da faɗi. Amma wanda ya je da nufin yawon buɗe ido kawai zai tarar masu wurin ba su ɗauke shi kufai ba. Dole a cire takalmi da hula, a rufe kafaɗa da gwiwa, kuma ba a juya wa gunkin Buda baya don ɗaukar hoto. Dutsen daɓen yakan yi zafi da rana kamar kaskon tuya, shi ya sa masu dabara ke zuwa da safa. Tsohon reshen ya tsufa har an tokare shi da sanduna masu ruwan zinari. A ƙarƙashinsa mata ne suka fi yawa, sanye da fararen kaya, riƙe da furanni.