Egzima da soriyasis: Cututtukan fata biyu masu kama da juna

A duk lokacin hunturu, busasshiyar iska kan tayar da cututtukan fata a Birnin Gwari da ƙauyukan da ke gefen dajin Kamuku. Biyu daga cikinsu, egzima da soriyasis, kan rikita hatta ma'aikatan lafiya.

Dukkansu kan sa fata ta bushe, ta yi kauri, tana ɓarewa. Ba a ɗaukar ko ɗayansu daga wani mutum.

Inda suka bambanta

Egzima, wadda wasu ke kira kirci, ta fi farawa tun ƙuruciya. Takan fito a lanƙwasar hannu da bayan gwiwa, da matsanancin ƙaiƙayi, kuma sau da yawa akwai asma a dangin mai ita.

Soriyasis kuwa ta fi kama gwiwar hannu da ta ƙafa da fatar kai, da ɓawo fari mai kauri. Takan ɓata farce, ta kumbura gaɓoɓi. Fatar mai ita kan sabunta cikin kwanaki 3 zuwa 7, maimakon kusan wata guda.

Abin da ke kawo ruɗani

Jan da littattafan likitanci ke bayyanawa ba ya fitowa sosai a baƙar fata. A tafin hannu da na ƙafa kuwa, ko gwajin tsokar fata ba koyaushe yake raba gardama ba.

Haka kuma a Nijeriya mutane da dama kan kira kyasbi da sunan egzima, alhali naman gwari ne ke haddasa shi, kuma maganinsa daban ne.

Man shafawa mai sinadarin sitiroyid da ake saya a kemis kan lafar da alamun, ya ɓoye wa likita ainihin cutar. Ƙwayoyinsa kuma kan iya tsananta soriyasis da zarar an daina sha.

Neman magani

Ƙwararrun likitocin fata na manyan asibitoci ne, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya. Hare-haren 'yan bindiga a hanyar Kaduna sun daɗe suna wahalar da masu wannan tafiya, kafin sulhun da aka ƙulla a ƙarshen 2024.

Likitoci na ba da shawarar cewa mara lafiya ya je asibiti da duk man da ya taɓa shafawa, ya kuma faɗi idan gaɓoɓinsa na ciwo.