Ƙarfin doki: Yadda ake ƙera manyan injinan mota, da wanda ke biyan kuɗin gudunsu

Wanda ya bar Na'ibawa a ƙaramar hukumar Kumbotso ya miƙi titin Zariya da rani, da zarar ya haye gadar Tamburawa ya doshi Kura zai fara jin ƙarar inji iri biyu. Ɗaya ita ce ta jerin gwanon manyan motocin masu mulki da ke wucewa kamar walƙiya. Ɗayar kuwa ta ƙananan injinan ban-ruwa ce da ke kuka a bakin gonakin shinkafa da tumatir. Ma'auni guda ake auna ƙarfinsu da shi, wato ƙarfin doki, kuma fetur ɗin gidan mai guda suke sha. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur, tambayar nawa ake kashewa a kan kowane doki ta fita daga hirar samari masu son motoci ta shiga lissafin kasafin kuɗi.

Mene ne ƙarfin doki?

Injiniyan nan ɗan Sikotland, James Watt, ne ya yaɗa ma'aunin a ƙarshen ƙarni na 18, don ya nuna wa masu masana'antu yawan dawakin da injinsa mai aiki da tururi zai ɗauke wa aiki. A lissafin da Turai ke bi, ƙarfin doki ɗaya shi ne ƙarfin da zai ɗaga nauyin kilo 75 sama tsawon mita ɗaya a cikin daƙiƙa ɗaya. Manomin Bunkure zai fi kowa saurin gane wannan, domin kilo 75 daidai yake da ruwa lita 75.

Injin ban-ruwa mai bakin inci uku, irin wanda ake ɗaurawa a bayan babur a kai gona, yawanci doki 5.5 zuwa 6.5 ake rubuta masa. Na kamfanin Honda yana iya tura ruwa har lita 1,100 a minti, yana shan kusan lita ɗaya da rabi na fetur a awa. Tarakta ƙirar Massey Ferguson 375 doki 75 gare ta. Sabuwar Toyota Land Cruiser 300 mai fetur tana da 409, Mercedes-AMG G63 kuwa 577, wato ƙarfin injinan ban-ruwa kimanin ɗari a cikin mota ɗaya.

Kowane inji na samun ƙarfinsa ne daga ƙona iska da mai a cikin silinda. Akwai manyan hanyoyi uku na ƙara wannan ƙarfi: a faɗaɗa cikin injin ya riƙa haɗiyar iska mai yawa, ko a sa shi ya riƙa juyawa da sauri, ko a ɗura masa iska da ƙarfin tsiya ta hanyar turbo, wata farfela da hayaƙin salansa ke juyawa. Hanyar da kowace ƙasa ta zaɓa ba ta faɗo daga sama ba. Haraji da farashin mai da yanayin titi ne suka zaɓa mata.

Amurka, Turai da Japan

Amurka ƙasa ce mai faɗi, mai dogayen tituna da arhar fetur, saboda haka ta bi hanya ta farko. A 1955 kamfanin Chevrolet ya fito da injinsa mai silinda takwas, V8, wanda zuriyarsa ke aiki har yau. Zuwa 1970 akwai Chevelle mai inji lita 7.4 da aka ce tana da doki 450. Sai dokokin rage hayaƙi suka shigo, kamfanonin inshora suka tsawwala kuɗi, sannan ƙasashen Larabawa suka rufe famfon mai a 1973. A 1975 Corvette, wadda ita ce abin alfaharin Amurka a fagen gudu, doki 165 kawai take fitarwa daga inji lita 5.7. Wani ɓangare na wannan faɗuwa canjin salon awo ne, amma mafi yawansa gaskiya ne.

Labarin Turai ya fi nuna hannun gwamnati ƙarara. Daga 1921 Birtaniya ta riƙa karɓar fam ɗaya a kan kowane doki, amma dokin da ake lissafawa daga faɗin silinda, ba tare da duba zurfinta ba. Masu ƙera motoci suka koma yin silinda siririya mai zurfi, aka shafe shekaru fiye da ashirin ana ƙera inji don a kauce wa mai karɓar haraji. A Italiya, inda Ferrari ya fara a 1947 da ɗan inji lita 1.5 mai silinda goma sha biyu, an taɓa ɗora harajin kashi 38 cikin 100 a kan duk motar da injinta ya haura lita biyu. Ferrari da kansa ya sunkuya: a 1980 ya ƙera 208 mai lita biyu don kasuwar gida, da aka ga ba ta da kuzari ya ƙara mata turbo a 1982. Jamus kuma tana da manyan titunan da wasu sassansu ba su da iyakar gudu, don haka injiniyoyinta suka ƙware wajen yin inji mai jure dogon gudu ba tare da ya yi zafi ba. A masana'antar AMG da ke Affalterbach, mutum ɗaya ne ke haɗa injin V8 daga farko har ƙarshe, ya manna farantin da ke ɗauke da sa hannunsa. Kuɗin wannan sa hannu na cikin farashin motar.

Japan ba ta da man fetur na kanta, kuma harajinta na hawa ne da girman inji. Ta zaɓi ƙaramin inji mai saurin juyawa. Honda S2000 ta 1999 tana fitar da doki 240 daga lita biyu, tana juyi 9,000 a minti ba tare da turbo ba. Kamfanonin ƙasar ma sun yi yarjejeniya a tsakaninsu, daga 1989 zuwa 2004, cewa ba wanda zai tallata mota mai sama da doki 280 a cikin gida.

Me ya sa dokin ƙarshe ya fi tsada?

Ƙaramar mota da ke tafiyar kilomita 100 a awa a kan shimfiɗaɗɗen titi ba ta buƙatar fiye da doki 30. Matsalar iska ce. Idan aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin da ake buƙata don ratsa iska yakan ninka sau takwas. Ga kuma asara: a cikin kowace lita uku ta fetur, kusan biyu zafi suke zama su fice ta salansa da lagireto.

Bugatti Veyron ta 2005 ce misalin da ya kai wannan lissafi maƙura. Injinta lita takwas ne, silinda 16, turbo huɗu, doki 1,001, kuma sai da aka saka mata lagireto goma kafin a shawo kan zafinta. Idan aka take ta har ƙarshen gudunta, sama da kilomita 400 a awa, takan shanye tankinta na lita 100 cikin minti 12. Wannan man zai riƙe injin ban-ruwa guda kimanin awa 70.

A Kano akwai ƙarin kuɗin da takardar kamfani ba ta faɗa. Irin waɗannan injina an tsara su ne don fetur mai daraja ta 95 ko 98 a ma'aunin oktan, alhali gidajen mai a Najeriya nau'i ɗaya suke sayarwa, wanda darajarsa ke wajen 91. Na'urar injin takan rage ƙarfi da kanta don kada ya lalace, ma'ana mai motar ya biya kuɗin dawakin da ba zai taɓa hawa ba. Zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 da ƙurar hunturu suna rage wa turbo kwana, kayan gyara kuma da dala ake shigo da su. Iyakar gudun da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta sa wa ƙananan motoci a babban titi kuwa kilomita 100 ne.

To, Najeriya wace hanya ta bi?

Ta taɓa samun abin da za a kira tsari. A shekarun 1970 gwamnatin soja ta kafa masana'antun haɗa motoci da haɗin gwiwar Turawa: Peugeot a Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, da kamfanin NTM a kan titin Zariya a Kano, inda aka riƙa haɗa manyan motoci da taraktocin Fiat. A zamanin mulkin soja na Obasanjo, Peugeot 504 ce motar jami'an gwamnati, kuma injinta bai kai doki 100 ba. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980 masana'antun suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, kasuwa ta koma hannun 'yan Beljiyam da 'yan Kwatano. Tallafin fetur ya sa Honda da Camry masu silinda shida, waɗanda aka ƙera don aljihun Ba'amurke, suka zama motocin ma'aikaci. Tallafin bai bambanta mai inji lita 5.7 da mai injin ban-ruwa ba, kuma a tsari irin wannan wanda ya fi shan mai shi ya fi kwasar rabo.

An yi yunƙurin ɗora haraji a kan girman inji. A ƙarshen mulkin Buhari, a 2023, an amince da ƙarin kashi 2 cikin 100 a kan motocin da ake shigo da su masu inji daga lita biyu zuwa ƙasa da huɗu, da kashi 4 a kan waɗanda suka kai lita huɗu zuwa sama. A watan Yulin shekarar Tinubu ya dakatar da shi. Bayan wata uku aka tabbatar da sayen manyan motoci ga 'yan Majalisar Wakilai 360, waɗanda rahotanni suka ce kowace ta kai naira miliyan 160, jimilla biliyan 57.6. Majalisar ta ce an zuzuta farashin, wasu sanatoci suka kafa hujja da lalacewar hanyoyi, ƙungiyar SERAP kuma ta garzaya kotu. Hujjar hanya tana da gaskiyarta, amma ramin titi tsawon ƙafa da ƙarfin taya yake nema, ba doki ɗari huɗu ba.

Litar fetur da ke ƙasa da naira 200 a farkon 2023 ta haura 1,000 a Abuja a watan Oktoban 2024. A wannan farashi, cika tankin Land Cruiser 300 mai lita 110 ya zarce naira 110,000, yayin da mafi ƙarancin albashi a jihar Kano yake naira 71,000.

Abin lura a Kura da Bunkure da Garun Malam shi ne, asalin tsarin noman ranin yankin ba ya buƙatar inji ko kaɗan. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, tana sama da gonakin, ruwa na gangarowa da kansa ta babbar magudana zuwa ƙanana, ƙarƙashin kulawar hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are. An tsara shayar da hekta 22,000 a kashi na farko, aka tsaya a wajen 15,000. Manomin da gonarsa ke wajen wannan iyaka, ko a wutsiyar magudanar da yashi da kachala suka toshe, shi ne ke sayen inji da mesa da galan na fetur. Bayan janye tallafi wasu sun sauya wa injinansu kafireto suka koma gas ɗin girki, masu hali suka sayi famfo mai aiki da hasken rana, wasu kuma suka rage faɗin abin da suke nomawa da rani.