Lambunan dabino na Kwarin Coachella a Amurka: abin da mai son dasa dabino ya kamata ya sani

Kwarin Coachella yana cikin hamadar kudancin jihar Kaliforniya ta Amurka, kuma daga nan mafi yawan dabinon ƙasar ke fitowa. Ruwan saman da yake samu bai kai milimita 100 a shekara ba, zafi kuma kan haura digiri 45 a bazararsu. Da hunturu, masu yawon buɗe ido kan zo cikin manyan motoci masu ɗakin kwana da kicin, su kalli tulin duwatsun gandun Joshua Tree da ke arewa da kwarin, sannan su gangaro lambunan Indio da Thermal su sayi dabino. Kai manomi, abin lura a nan shi ne yadda lambun ya rayu a busasshen wuri irin wannan. Dabino shuka ce ta shekaru masu yawa, idan aka kuskure a farko sai bayan shekara biyar ko fiye ake ganewa.

Iri

A 1927 wani masanin tsirrai na ma'aikatar gona ta Amurka, Walter Swingle, ya ɗauko 'ya'yan gindi 11 na irin Medjool daga Boudenib a Maroko, lokacin da cutar bayoud ke kashe dabino a can. Ba a kai su lambu kai tsaye ba. An killace su shekaru a jihar Nebada sai da aka tabbatar ba su da cuta. Tara suka rayu, kuma daga su Medjool na Amurka ya yaɗu. Ɗayan babban irin, Deglet Noor, asalinsa Aljeriya da Tunisiya.

To ka ga ba ƙwallo suka shuka ba. Idan ka shuka ƙwallo, kusan rabi maza za su fito, matan ma ba lallai su yi kama da uwarsu ba. Ɗan da aka cire daga gindin uwa shi ke ɗauko halinta sak. Don haka ka ga uwar da idonka lokacin da take da 'ya'ya kafin ka biya kuɗi.

Ruwa da gishiri

Dabino na son rana a ka, danshi a saiwa. Manoman kwarin sun fara da rijiyoyi, daga baya a 1949 aka fara kawo musu ruwan kogin Kolorado ta wata doguwar magudana mai tsawon kusan kilomita 200. Amma ban ruwa a wuri mai zafi yana tara gishiri a ƙasa. Shi ya sa suka binne bututai a ƙarƙashin gonaki don fitar da ruwan gishirin. Idan ka ga fari-fari kamar kanwa a saman ƙasar lambunka, alamar ke nan. Ka yi ban ruwa mai zurfi lokaci-lokaci, ka kuma buɗe hanyar da ruwan zai wuce.

Tazara da barbara

Sukan bar kimanin mita 9 tsakanin bishiya da bishiya, wato wajen 120 a hekta ɗaya. Namiji ɗaya kan isa mata kusan 50, domin ba sa barin barbara a hannun iska. Ma'aikata na hawa su sa garin furen namiji a furen mace cikin 'yan kwanakin da ya buɗe. Bayan 'ya'ya sun kama, sai su rage su don sauran su yi girma, su ɗaure nonon kada ya karye, su rufe shi da takarda ko jakar raga saboda tsuntsaye, ƙwari da ruwan sama. A can barbara na kamawa a Fabrairu da Maris, girbin Medjool kuma wajen Satumba. Kada ka kwafi wannan kalandar, ka bi lokacin da bishiyarka ta fito da fure.

Kasuwa

Lambuna da dama suna da shago a bakin hanya. Shields Date Garden da ke Indio yana nan tun 1924. Ana tantance dabino gwargwadon girma da laushi, a zuba a kwali, ƙananan kuma a markaɗa da madara a sayar wa matafiya. Kowace Fabrairu ana bikin dabino a Indio. Wannan aiki ne da ƙungiyar gama kai za ta fi mutum ɗaya iyawa: wurin tantancewa ɗaya, mazubi mai tsabta, farashi daban ga kowane aji.

Kafin ka dasa

A wajenmu babbar barazana ita ce damina ta riski dabino yana nuna, ya tsage ko ya yi tsami. Ka tambayi masu tsofaffin bishiyoyi a yankinku wanne iri ne ke nuna kafin ruwa ya sauka. Idan kana kusa da Jigawa, cibiyar binciken NIFOR tana da tashar dabino a Dutse, ka nemi shawararsu kan iri. Ka tabbatar da ruwan rani tukuna, sannan ka haƙa rami.