Tukuba a Ƙofar Gidan Giya: Nazarin Cinikin Abincin Dare na Hausawa a Agege da Kewayenta

Tsakure

Maƙalar ta dubi sana'ar tsire da shayi da Hausawa ke yi da dare a Agege da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita, da alaƙarta da masu fitowa daga gidajen giya. Ta kafa hujja cewa buƙatun fatake da 'yan ci-rani ne suka haifar da sana'ar, mashayi kuwa daga baya ya zo ya tarar da wuta a kunne. An dogara da tarihin zangunan Kurmi, da binciken kimiyya kan yunwar da barasa ke tayarwa, da dokokin Jihar Legas.

Gabatarwa

Idan dare ya raba a Legas, mai tuwo da mai amala sun daɗe da kife tukwane. Wutar da ke saura a bakin titi ta mai tsire ce da ta mai shayi, kuma galibinsu 'yan Arewa ne ko 'yan Nijar. A wannan sa'ar ne gidajen giya ke sallamar jama'arsu, sai a ga mutumin da bai taɓa kai barasa bakinsa ba yana yanka wa wanda ke tangaɗi nama. Yawan ganin haka ya sa wasu ke ɗaukar tsire a matsayin abokin giya tun asali. Tarihi bai goyi bayan wannan ba.

Tushen sana'ar

Goro da shanu ne suka kafa Zangon Agege. Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 kan fataucin goro, ya bi sawun ayarin Hausawa zuwa Gwanja da yadda cinikin ya karkata ta bakin teku a ƙarshen ƙarni na 19. Da layin dogo ya tashi daga Legas ya bi ta Agege, ya kai Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911, sai gonakin goron yankin suka sami hanyar Arewa, shanu kuma suka sami ta Kudu. Mayankar Oko-Oba da ke Agege ci gaban wannan tarihi ce, kuma inda akwai mayanka ba a rasa mahauta da tukuba.

Abner Cohen, wanda ya yi nazarin Sabo ta Ibadan a littafinsa na 1969, ya bayyana tsarin da ya dace da zanguna irin wannan: maigida ne ke sauke baƙo, ya ba shi makwanci, ya tsaya masa a ciniki, matan aure kuma, daga cikin kulle, suna dafa abincin sayarwa yara na kai talla. Sai dai tallar yara tana ƙarewa da wuri. Direban da ya iso da tirela ƙarfe biyu, da ɗan dako, da mai gadi, da gwauron da ya baro iyali a Sakkwato ko Maraɗi, duk suna buƙatar abu mai zafi a lokacin da babu macen da za ta hura wuta. Wannan giɓin teburin mai shayi ya cike.

Kayan teburin ma na yankin ne. Burodin da ya ɗauki sunan Agege mai nauyi ne, yana riƙe ciki. Taliyar Indomie kuwa, a Ota, can gaba kaɗan a kan hanyar Abekuta, aka kafa masana'antarta a tsakiyar shekarun 1990. Da ita mai shayi ya tashi daga mai haɗa ruwan zafi ya zama mai girki: mintuna kaɗan, albasa da attaruhu da ƙwai biyu, an gama.

Abin da ke kawo mashayi

Barasa na ɗauke da kuzari mai yawa, kusan kalori 7 a kowane giram, don haka da hankali za a bi, ƙosarwa ya kamata ta yi. Akasin haka ke faruwa. A 2017 masu bincike a Cibiyar Francis Crick da ke Landan sun wallafa a mujallar Nature Communications cewa barasa na kunna wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓeraye waɗanda a al'ada yunwa ce ke tayar da su. Binciken a kan ɓeraye ne, amma ya dace da abin da aka daɗe ana gani a mutane. Ban da haka, hanta idan ta shagala da sarrafa barasa takan rage samar da sukari ga jini, ga yawan fitsari da ke jawo ƙishi, ga kamun kai da ya yi sanyi. Nama mai maiƙo da gishiri da yajin ƙuli-ƙuli ya faɗo daidai inda ake so.

Imanin da ya yaɗu cewa tsire ko shayi mai kauri na warware maye ba shi da tushe. Abincin da aka ci kafin sha yana jinkirta shigar barasa jini. Wadda ta riga ta shiga kuwa, hanta ce ke fitar da mafi yawanta, a hankali. Shayi na iya kore gyangyaɗi, mayen yana nan. Haɗarin a bayyane yake ga wanda zai tashi daga benci ya kama sitiyari.

Iyakar da ba a tsallakewa

A nan ne abin nazari ya fi yawa. A Kano, tun bayan ƙaddamar da Shari'a a 2000, hukuma ce ke shata iyaka: giya ta takure a Sabon Gari, Hisba na farfasa kwalaben da ta kama. A Legas babu wannan. Kamfanin Guinness na Ikeja tun farkon shekarun 1960 yake aiki, New Afrika Shrine da aka buɗe a Agidingbi a 2000 na tara dubban masu kwana a farke, duka kuma tafiya kaɗan ce daga Agege. Mai sana'a da kansa yake shata iyakarsa, kuma da ƙasa yake shata ta. Farfesu da asun da isi-ewu a cikin gidan giya ake dafa su, mai gidan ke sayarwa. Tukuba a waje take tsayawa, a bakin ƙofa ko tsallaken titi. Naman yana shiga a naɗe cikin takarda, mai naman ba ya bin sa. Ko wuraren da suka yi suna, irin su University of Suya da ke Allen Avenue da masu tsiren Obalende, a kan wannan tsari na saya ka wuce suka ginu.

Hujjar masu sana'ar mai sauƙi ce: abin da ke kan tukuba halal ne, yankan Musulmi ne, kuma ba a tambayar mai saye inda ya fito. A ganina akwai lissafin kasuwa a ciki. Cohen ya nuna yadda Hausawan Sabo suka rungumi Tijjaniyya a farkon shekarun 1950, ta ƙarfafa bambancinsu da maƙwabta, bambancin kuma ya zama jarin amana a cinikin shanu da goro. Haka abin yake a nan. Mashayi ya yarda da naman Malam ne domin Malam ba irinsa ba ne, kuma wanda zai ƙirga canji da ƙarfe uku a gaban mutum biyar masu hayaniya dole kansa ya zama a sake.

Kada a yi wa kai ƙarya, ba duk mai tangaɗin ne ɗan Kudu ba. Girman birni na ba ɗan Arewa suturar da ba zai samu a garinsu ba. Sai dai ba a tsakiyar Zango yake sha ba, inda idon limami da na Sarkin Hausawa da na ɗan garinsu ke kansa. Yakan yi nisa, ya dawo ta teburin mai shayi, wanda ya gane amma ba zai ce komai ba. Wannan shirun yana cikin abin da ake saye.

Matsin doka da farashi

Dokar Jihar Legas ta 2003 ta haramta ciniki a kan titi, don haka zaman tukuba ya dogara da kawar da kai daga jami'ai da kuɗin da 'yan tasha ke karɓa. Dokar hana fita ta korona a Mayun 2020, daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe, ta rufe daidai sa'o'in cinikin. Cire tallafin mai a Mayun 2023 ya ɗaga kuɗin dakon shanu da farashin ƙwai da burodi.

Dokar da ta fi taɓa tushen sana'ar ita ce hana acaɓa. A ranar 1 ga Yuni 2022 aka hana shi a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja, a Satumba kuma aka ƙara huɗu, ciki har da Mushin. Ɗan acaɓa shi ne magajin ɗan dakon goro a kan benci: gwauro, mai ci sau biyu a rana a wuri guda, wanda akan rubuta masa bashi. Duk inda ya ragu, mai shayi na rasa cinikin da ke zuwa kowace rana, ya koma dogaro da na daren Juma'a da Asabar, wanda kuɗinsa ya fi kauri, rigimarsa ma haka.