Baba: Tsiron da Ya Kai Sunan Kura Cikin Hamada

'Ya'yanmu da suka tashi a Legas ko Abuja, idan aka ce "baba", mahaifi kaɗai suke nufi. Alhali kuwa akwai wani tsiro mai wannan suna wanda ya ciyar da kakanninmu shekaru aru-aru. Baba ɗan'uwan wake ne da gyaɗa, tsawonsa bai cika wuce ƙirjin mutum ba, yana da ƙananan furanni ja-ja da 'ya'ya cikin siririn kwanso. Kamar danginsa, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Amma darajarsa a ganyensa take. Akan yanke shi, a daka, a dunƙule, a shanya, sannan a zuba a marina tare da toka, a bar shi kwanaki ya ruɓe har ruwan ya kama. Da wannan shuni marinan Kura suke rina turkuɗi, mabuga su buge shi har ya yi walƙiya, fatake su ɗauka zuwa Agadas, inda Buzaye ke naɗa shi da alfahari. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa saƙa da rini su ne ƙashin bayan cinikin birnin.

Abin mamaki, daga ƙasarsa koma-bayan ya fito. A 1897 kamfanin BASF ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, mai araha da saurin aiki. Sannu a hankali manoma suka daina shuka baba, karofi da dama suka cike da ƙasa. Yau sai an yi cigiya kafin a samu gonarsa.