Atisayen lissafin farashi da rangwame da haraji a koyon rubuta manhaja

Wannan atisaye yana cikin darussan farko da ake ba mai koyon rubuta manhajar kwamfuta. Ana so ɗalibi ya rubuta ɗan gajeren shiri da zai karɓi lambobi uku, wato asalin farashin kaya, kason rangwame da kason haraji, sannan ya fitar da kuɗin da mai saye zai biya. A yau ana yawan yinsa da yaren Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991. Malamai suna son atisayen ne domin yana koyar da karɓar bayani, ajiye lamba a gurbi mai suna, da ninkawa, ga shi kuma lissafi ne da duk ɗan kasuwa ya sani.

Ƙa'idar ita ce a fara cire rangwame, sannan a ɗora haraji a kan abin da ya rage. A ɗauki atamfa ta naira 20,000 a kantin Kano, da rangwamen kashi 10 cikin 100. Farashi ya koma 18,000. Harajin VAT na Najeriya, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a watan Fabrairun 2020, zai kama naira 1,350, jimla 19,350. Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne su cire 7.5 daga 10, su rage kashi 2.5 kawai, sai amsa ta fito 19,500. Bambancin naira 150 ne, amma a rasit ɗin diloli yana taruwa.

Inda atisayen ya fi amfani shi ne nuna cewa kason haraji ba abu ne da za a kafe a cikin shiri ba. A Nijar harajin da ake kira TVA kashi 19 ne, don haka kaya na sefa 20,000 a Maraɗi, bayan rangwame iri ɗaya, zai tsaya a 21,420. Libiya kuwa ba ta da harajin VAT. Mai kanti a unguwar Mahdiya ta birnin Sabha, a yankin Fezzan, inda 'yan ci-rani daga Nijar da Najeriya suke hada-hada, sifili zai sa a gurbin haraji. Shirin da aka rubuta da 7.5 a jikinsa zai cuci abokan cinikin mai kantin.

Kuɗin kowace ƙasa ma yana da nasa tsari. Naira kobo 100 ce, sefa ba a raba ta a ciniki, dinarin Libiya kuma dirhami 1,000 ne, wato gurbi uku bayan ɗigo. Nan ne ɗalibi yake fara cin karo da raunin kwamfuta wajen lambobi masu ɗigo: bisa ma'aunin IEEE 754 na 1985, idan aka haɗa 0.1 da 0.2 amsar da ke fitowa ita ce 0.30000000000000004. Saboda haka ƙwararru suke lissafin kuɗi da ƙaramin ma'auni, kobo ko dirhami, a matsayin cikakkiyar lamba, ko su yi amfani da sashen decimal da aka ƙara wa Python a 2004.

Shiri mai inganci kuma yana ƙin karɓar farashin da bai kai sifili ba, ko rangwamen da ya haura kashi 100.