Ingantaccen murhun itace

Ingantaccen murhun itace, wanda ake kuma kira murhu mai tsimin itace, murhu ne da aka ƙera don ya killace wuta wuri guda, ya rage yawan itacen da ake ƙonawa da hayaƙin da ke tashi idan aka kwatanta da murhun gargajiya mai duwatsu uku. Ana yin sa da yumɓu ko da ƙarfe, wani da bututun hayaƙi, wani babu. Dukkan nau'o'insa sun dogara ne da daidaita iskar da ke shiga wajen wutar. Idan iskar ta gaza, hayaƙi kan taru a ciki ya kama da wuta farat ɗaya, murhun ya feso shi waje. Wannan ake kira aman hayaƙi.

A Jihar Katsina

Itace da karan dawa da na masara su ne makamashin girki a mafi yawan gidajen karkarar Katsina. Daga shekarar 2014 Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin shirin FUWOBA, wanda Oxfam da cibiyar ICEED suka gudanar a ƙananan hukumomi bakwai na arewacin jihar: Baure, Daura, Dutsi, Mai'adua, Mashi, Sandamu da Zango. Shirin ya haɗa rainon itatuwa a gonaki da koyar da ginin murhun yumɓu mai tsimin itace. Akwai kuma murhun ƙarfe na Save80, wanda ƙungiyar DARE ta Kaduna ta yaɗa tare da ƙungiyar atmosfair ta Jamus. Sunansa ya samo asali ne daga iƙirarin masu ƙera shi cewa yana rage kashi 80 cikin 100 na itacen girki. A 2024 gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsaftataccen makamashin girki.

A kudancin jihar, wato yankin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, lamarin ya ɗan bambanta. Daji ya fi yawa a can, amma hare-haren 'yan bindiga sun sa shiga daji neman itace ya zama kasada, don haka tsimin itace ya shafi tsaron rai, ba aljihu kaɗai ba. Damina kuma ta fi tsawo a yankin, abin da ke sa a daɗe ana fama da jiƙaƙƙen itace, wanda shi ne babban mai jawo hayaƙi.

Nau'in mai katalis

A ƙasashe masu tsananin sanyi irin su Amurka da Kanada akwai wani nau'in da ake ɗumama gida da shi. Akwatin ƙarfe ne mai ƙofa a rufe, kuma kafin hayaƙi ya kai bututu sai ya ratsa wani faifai mai ramuka kamar saƙar zuma, wanda aka shafa wa ƙarfen filatinam ko faladiyam. Wannan shi ne katalis. Hayaƙi makamashi ne da bai gama ƙonewa ba, kuma a ƙa'ida ba ya kamawa sai zafi ya kai wajen digiri 600 a ma'aunin Salshiyos, amma katalis kan sa ya ƙone tun daga wajen digiri 260. Irin wannan murhu ya yaɗu bayan hukumar kare muhalli ta Amurka ta kafa ƙa'idar rage hayaƙin murhun itace a 1988.

Yana da wani marfi da ke buɗe wa hayaƙi hanyar ratse zuwa bututu. Ana barin marfin a buɗe lokacin hura wuta, ba a rufe shi sai zafi ya kai yadda katalis zai fara aiki. Kafin a buɗe ƙofa don ƙara itace, ana fara buɗe marfin da mashigar iska a ɗan dakata. Ƙona leda, shara ko katako mai fenti yana lalata katalis. Ba irinsa ake amfani da shi a gidajen Katsina ba, domin buƙatar can ta girki ce, amma dalilin aman hayaƙi ɗaya ne a cikinsa da kuma cikin rufaffen murhun yumɓu mai bututu.

Yadda aman hayaƙi ke faruwa

Idan aka ɗora itace a kan garwashi mai zafi, yana fitar da iskar gas mai kamawa. Muddin akwai harshen wuta da isasshiyar iska, gas ɗin yana ƙonewa nan take. Amma idan aka cika murhu maƙil sannan aka toshe mashigar iska da sauri, da nufin wutar ta daɗe, sai harshen ya mutu alhali itacen na ci gaba da fitar da gas. Da zarar iska ta samu kafar shiga, ko don an buɗe ƙofa ko an ɗaga tukunya ko an yi fifita, sai abin da ya taru ya kama gaba ɗaya da ƙara. Hayaƙi da toka, wani lokaci har da tartsatsi, sukan fito ta baki da duk wata kafa, daidai inda fuskar mai girki take.

Bututun da kunkunniya ta toshe, ko gajere, ko mai sanyi da safiyar hunturu, ba ya jan hayaƙi yadda ya kamata. Iska mai ƙarfi ma takan tura hayaƙin ƙasa idan bakin bututun bai wuce rufin ɗaki ba. Kara da ƙirare suna sakin gas da sauri fiye da faskare, saboda haka cusa su da yawa lokaci guda ya fi haɗari.

Amfani da shi cikin aminci

Sabon murhun yumɓu sai ya bushe sarai kafin a hura shi, kuma da ƙaramar wuta ake farawa don kada ya tsage. Na ƙarfe mai fenti kan yi wari a hurawar farko, don haka ake yin ta inda iska ke wucewa. Itace mafi dacewa shi ne wanda danshinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Ana gane shi da rashin nauyi da tsagewar bakinsa. Ana sa shi kaɗan-kaɗan, a bar harshen wuta ya kama sosai kafin a rage iska, a kuma rage ta a hankali. Tokar da ta taru a mashigar iska ana kwashe ta kafin kowane girki. Ba a zuba fetur ko kananzir a kan garwashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a 2020, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙar hayaƙin girki. Ingantaccen murhu yana rage hayaƙi, ba ya kawar da shi. Garwashi kuma yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, shi ya sa kwana da garwashi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu ke kashe mutane. Alamominta sun haɗa da ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, musamman idan suka kama mutanen ɗaki ɗaya a tare. Wanda ya nuna su ana fitar da shi sarari nan take, a buɗe ƙofa da taga, a kai shi asibiti.